Jakar Ruwan Zafin Mama

Yayata,

Ina miki sallama irin wadda kika saba ji tun daga bakin ƙofa. Ya jiki, ya yara, ya ƙafar Babansu? Ina fatan keken ɗinkinki ya daina cin zare. Mu nan da sauƙi.

Na ga tsiyar da kika yi min a wasiƙarki, wai na riƙe jakar ruwan zafin Mama kamar ni kaɗai ta haifa, in aiko wa 'yarki Doguwa tunda ita ma ciwon mara ya fara kayar da ita. Zan aiko, amma ki ƙara haƙuri, har yanzu tana bakin aiki.

Kin tuna yadda muke yi a gida. Duk wadda ciwon ya kama, Mama ta tafasa ruwa ta cika jar jakar nan ta roba, ta naɗe ta a tsohon ɗankwali ta ɗora mata a mara. Ranar ba shara ba wanke-wanke. Ke kika sa wa jakar suna Likitan Gida, kina cewa na fi kowa ganin likita saboda ƙiwa. Mama kuwa, Allah ya jiƙanta, maganarta ɗaya ce: ciwon matan gidanmu ne, da an haihu yake tafiya. A kanki maganar ta yi daidai. Ni na yi ta jiran haihuwar da za ta warkar da ni, ashe ciwon ne ya tare mata hanya.

Yaya, ciwon yana da suna. Likitar da nake gani ta kira shi endometriosis, ni kuma na bi diddiginsa kamar yadda nake bin labari a ofis kafin mu buga. Akwai shimfiɗa a cikin mahaifa da ke yin kauri duk wata, in ba ciki ta zube. A wasu mata irin wannan naman yakan tsiro a waje, a kan jakar ƙwai da bututun da ƙwai ke bi. Duk wata shi ma yana kumbura yana zubar da jini, amma ba shi da hanyar fita, sai wurin ya yi ta ƙuna, kayan ciki su manne da juna. Ni bututuna duka biyu sun toshe. A jakar ƙwai ta hagu akwai ƙullutu cike da tsohon jini, kuma likita ta ce ƙwan da ya girma kusa da irin wannan yakan fito a gajiye. Tiyatar bara ta cire ƙullutun dama, sai dai wuƙa ba ta iya raba shi da lafiyayyen nama tsaf, ta tafi da ƙwai da dama.

Hanya ɗaya ta rage: a ciro ƙwan da ya saura, a haɗa da irin maigidana Malam a ɗakin gwaji, a mayar min. Mun fara alluran da ke sa ƙwai ya nuna. Malam ke yi min, bayan ya gama koyo a jikin lemu. Mutumin da ke tsawata wa aji guda su yi tsit, ki zo ki gan shi a kan cikina, yana ba ni haƙuri tun bai soka ba. Maganin yana firij kusa da tumatir, ya rubuta a jikin kwalin kada a sa a miya.

Kada ki faɗa wa dangi tukuna. Addu'arki nake so. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Auta


Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kun tashi lafiya. Na ji an cire wa Baban yara bandeji, Allah ya ƙara sauƙi.

An ciro ƙwan. Ɗakin jiran yana da kujeru masu sanyi, da talabijin da aka kashe wa murya, da bango guda cike da hotunan jarirai. Kowace mace tana kallon takalminta. Da na farfaɗo daga allurar barci na ji ana faɗa wa ta gadon kusa da ni cewa nata sun haura goma. Na yi mata murna, wallahi na yi. Nawa huɗu ne.

Akwai wata mata mai kula da ƙwan a ɗakin gwaji, ita ke kira na da safe. Muryarta a kwance take, ba ta ƙari ba ta ragi, shi ya sa na yarda da ita. Ta ce biyu ba su nuna ba. Na uku ya nuna, amma cikinsa duhu-duhu ne, bai karɓi iri ba. Na huɗu ya karɓa.

Yaya, ya karɓa. Jiya ya rabu biyu, yau ya rabu huɗu. Ta turo hotonsa a waya, wani ɗigo kamar kumfar sabulu. Malam ya ce duk yaron da ya iya lissafin rabawa tun ba a haife shi ba, ba sai an tambayi ɗan waye ba. Ya sa masa suna Ɗalibi. Na hana shi, na ce ba a sa wa ɗigo suna, sai ga ni ina wanke kofi ina tambayar Ɗalibi ko ya ji sanyi a can. Malam har ya kwashe littattafansa daga ƙaramin ɗaki, wai ƙura ta yi musu yawa.

Na san abin da alƙaluma suka ce game da ƙwai ɗaya daga jiki irin nawa. Na karanta, na gane, amma zuciyata ta ƙi karantawa. In ya ci gaba da rabuwa, cikin makon nan za a mayar min da shi.

Na san halinki. Kada ki ɗinka komai.

Taki har kullum,
Auta


Yayata,

Sallama da fatan kuna lafiya. Ki yafe min shirun da na yi, na ga kiranki duka.

Ɗalibi ya tsaya. Ina ofis ina gyaran shafi matar ta kira, ta ce tun jiya bai ƙara rabuwa ba, yau kuma ya fara baƙi. Ta ce ƙwai shi ke ɗauke da guzurin kwanakin farko, wannan guzurinsa bai kai ba. Na yi mata godiya, na gama gyaran shafin har da waƙafi, na miƙa. Sai da na kai matakala na zauna a wurin. Malam ya zo ya ɗauke ni ya kai ni gida. Hoton yana nan a wayarsa, na ga yana buɗewa yana rufewa.

Mun koma wurin likita. Ta ce ana iya sake gwadawa, amma ba za ta ɓoye mana ba, gwajin jini da hoto sun nuna abin da ya rage kaɗan ne, kuma mai yiwuwa irin waɗannan ne. Mun yi shawara, mun tsaya nan. Ba wanda ya tilasta wa wani.

Saƙonki ya iso a makon. Na ce kada ki ɗinka, kika ɗinka. Rigar ta yi kyau, Yaya, har da 'yan maɓallan nan a kafaɗa. Ban iya kuka ba sai da na sa yatsu biyu a hannunta na ga sun cika shi.

A ƙasan takardarki kin rubuta cewa Doguwa ta yi amai ta suma a aji, an kawo ta gida, kika ce gadon gida ne, in yi sauri da Likitan Gida. Na karanta layin nan ya fi a ƙirga.

Na tambayi likita ko da an gano nawa tun ina shekarun Doguwa da abin ya sauya. Ta ce ba za ta rantse ba, kuma mata da yawa masu ciwon suna haihuwa lafiya. Amma ta ce ciwon da ke hana yarinya makaranta ba na jurewa ba ne, akan duba, akwai magungunan da ke kwantar da shi, kuma wadda ta sani da wuri tana da zaɓin da ni ban samu ba. Ban ga laifin Mama ba. Abin da ta iya ta ba mu, da hannunta mai taushi.

Ba zan aiko jakar ba. Aibinta shi ne tana aiki: tana rage ciwon daidai yadda mutum zai iya yin shiru. Ni ta yi min haka shekara da shekaru. Yanzu ma tana kan marata ina rubuta miki, kuma a kaina za ta tsufa.

Ki turo min Doguwa da zarar an yi hutu, in kai ta a duba ta. In Babanta ya ce yarinya ce, me za a duba, ki ba shi wasiƙun nan ya karanta, ban ɓoye komai ba. Wurin kwana ba matsala. Ƙaramin ɗakin a share yake, Malam bai mayar da littattafansa ba.

Ki gaida yara, ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta