Konkur a Tsakiyar Noma

Barmu, daren Laraba, cikin damina

Wa ya aza konkur, jarrabawar shiga makarantar likita, tsakiyar noman hwarko? Ya taɓa riƙa hauya kuwa?

Tun rani nike karatu ni kaɗai, ba malami, da littattahan da na tsinto kasuwar Tawa. Na haddace ƙasusuwan hannu duka, yau ga hannun ya yi kanta, ko bik na rubutu ba ya riƙuwa.

Da maraice na ce ma Baba sati mai zuwa za ni Yamai in rubuta. Bai yi hwaɗa ba, da ma ya yi. Ya dubi hakin da ya danne hatsi, ya dahe ƙugunshi mai ciwo, ya ce, "Tahi, likita. Mu bana sai mu ci takarda."

In na tahi, gona ta mutu. Ɗiyan birni kuwa suna can ƙarƙashin hwanka suna bita.

Gobe da asuba hauya zan ɗauka, na sani. Amma wanda ya zaɓi ranar nan ya hito rediyo ya hwaɗa ma ƙasarmu ta Adar duka: ɗan manomi ba ya zama likita ne? Ya amsa, muna saurare!