Layukan da Na Ƙi Karanta wa Hajjo

Gwandu, watan Mayu, 1958

Zuwa ga Gwaggo Indo, mai filin shawarwari,

Don Allah, Gwaggo, ki taimake ni, kada ki sa wasiƙar nan a ƙarƙashin sauran. Sau uku ina fara ta ina yagewa. Na yi abin da ba ni iya faɗa wa kowa a gidanmu, ga shi kullum da la'asar hadari na haɗowa gabas. Sunayen da za ki gani duk na sake su, garuruwan ne kawai na bari.

Shekarata sha shida. Na koyi boko a ajin mata na yaƙi da jahilci da matar hedimasta ta buɗe a gidanta. Ni ce mai karanta wa Babanmu jaridarku, don shi ajami kaɗai ya sani. Ba ni da surutu, in baƙo ya shigo ma bayan rumbu nake komawa. Abin da nake so a duniya littattafan hikaya ne da yayana Usman ke kawo mini in ya zo hutu, irin waɗanda ɗan sarki ke ganin yarinya a bakin rijiya ya kasa cin abinci kwana bakwai. Inna takan ce littattafan nan za su sa in zuba gishiri a kunu wata rana. Ta kusa gaskiya.

Akwai malamin gona da ke zagaya ƙasarmu a kan keke, Malam Ɗahiru, saurayi ne dogo, kullum da tabon tawada a aljihun rigarsa. Bana ya zo da maganin iri, wani gari ja a gwangwani. Ana zuba mudun dawa a gora, a sa cokali ɗaya na garin, a toshe, a girgiza har irin ya yi ja, in an shuka cutar burtuntuna ba ta baƙanta zangarniya. Maza yana koya musu a ƙofar hakimi da gonar gwaji ta hanyar Maruda. To amma a nan iri a hannun mata yake, tsofaffi ke ajiye shi cikin tulu da toka, shi kuwa ba ya shiga gidan kulle. Sai ya zo ya roƙi Baba a bar ni in riƙa shiga gidaje ina karanta wa mata takardar bayanin. Daga zaure ya miƙo mini ita, ya kira ni Malama Ƙarama. Gwaggo, kada ki yi mini dariya. Kwana uku ina maimaita sunan nan a zuci, har na raɗa wa 'ya'yanmu sunaye.

Ranar farko gidan Liman na je. Na yi ta karantawa ƙasa-ƙasa, mata suka ci gaba da kaɗinsu kamar sauro ke kuka. Wata tsohuwa, Albarka, ta tambaye ni ko takardar ta taɓa riƙe hauya. Ina tare da Hajjo, ɗiyar kawuna ta Kalgo, taubashiyata, wadda ta zo mana salla ta ƙara mako biyu. Hajjo ko baƙi ɗaya ba ta sani ba, amma bakinta ya fi na zabiya. Kafin in ankara ta sure gorar, ta zuba dawa, ta kama girgizawa tana rausaya, tana waƙa nan take: girgiza gora ɗiyar mutane, jan iri shi ka korar burtuntuna. Sai ga mazarai an ajiye, ana tafi, ana amshi, har tsohuwar nan ta karɓi gorar ta taka rawa. Ni ina tsaye da takarda a hannu kamar an dasa ni.

Malam Ɗahiru yana zaure ya ji komai ta kan katanga. An ce ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce waƙar nan ta yi masa da hantsi ɗaya abin da takardunsa suka kasa cikin shekara biyu. Ni ban taɓa sa shi dariya ba. Tun daga ranar duk gidan da muka shiga Hajjo ake tarba, ni 'yar riƙon gora. Da za ta koma, ya ce ta kai waƙar Kalgo, zai bi ta da gwangwanayen magani, ya kuma ce in zauna in karanta mata takardar kaf, a hankali, don ta sa kowane bayani a waƙa.

Muka zauna gindin dogon yaro na tsakar gidanmu bayan azahar. Ina karantawa tana tsokanata. Ta ce in malamin ya iso Kalgo ita za ta dama masa fura da nonon shanun babanta, ni kuwa in ya dawo Gwandu sai in dama masa tawada. Ta ce ko keken nasa ya fi son hanyar Kalgo. Na san wasan taubasai ne, amma ya soke ni. Na gama shafin gaba, na juya. A baya akwai layi uku da manyan baƙaƙe: irin da aka sa wa magani dafi ne, kada mutum ya ci, kada a ba kaji ko dabba, abin da ya rage a binne shi, gorar kada ta koma wurin abinci, a wanke hannu da sabulu ko toka. Na dube su, na dube ta tana gyara ɗankwali tana murmushi, sai na ninke takardar na ce mata shi ke nan. Ta yarda. Da me za ta gane?

Wallahi, Gwaggo, ban yi tunanin wani zai ci ba. Abin da na hango kawai shi ne Malam Ɗahiru ya je Kalgo ya ji waƙa da giɓi, ransa ya ɓaci, ya gane wanda bai iya karatu ba bai isa riƙe saƙo ba, ya tuko keke ya dawo zaurenmu yana neman Malama Ƙarama. Haka ake yi a littafi. Amma ya je Kalgo har sau biyu, masu zuwa kasuwa sun ce waƙar ta cika gari, 'yan mata na yin ta a gaɗa da wurin daka, shi kuwa murna kawai yake yi. Ko bai saurara da kyau ba ne, ko idonsa na kan mai waƙar, ban sani ba. Wannan tunani na biyun shi ke hana ni cin tuwo.

Shekaranjiya Inna na tsintar iri take cewa bana sai an ware na sadaka tun da wuri, tunda jan ba ya ciwuwa. A nan na tuna. Al'adarmu ce, ran da aka gama shuka, ragowar irin da ya dawo daga gona mata ke dakawa su yi gumba a raba wa yara, don gona ta yi albarka. Kalgo ma haka suke yi. Gidan Kawu akwai ƙannen Hajjo huɗu, ƙaramin ni na goye shi bara. A Gwandu na bi gida gida na sake karanta bayan takardar, har ana mamakin yadda muryata ta fito. Kalgo fa? Ruwa ɗaya mai kyau ake jira a fita shuka.

In na faɗa, Baba zai ƙone littattafaina, Malam Ɗahiru ba zai sake duban inda nake ba, Hajjo kuwa za ta sa ni a waƙa har garin Ceberu a san ni. Kuma in faɗa miki gaskiya, har yanzu in na tuna yadda ake yaba ta sai kishi ya taso mini. Ni na sha wahalar koyon karatu shekara biyu, ita ta zo ta kwashe da gora. Ko in rubuta takarda ba suna in aika Kalgo? Kuma a ganinki, son ta yake yi?

Ni ce taki,
Mai Baƙin Ciki a Ɓoye

Amsar Gwaggo Indo

Ɗiyata,

Wasiƙarki ta iso ran Litinin, na roƙi edita ya ɗage wani rubutu ya sa ta a wannan fitowar, don ba ki ba ni suna ba, ba ni da hanyar iske ki sai wannan shafi. Na kuma rubuta wa ofishin gona na wajenku a sake yin shelar gargaɗin, ban ambaci kowa ba. Amma takarda takan kwana a kan tebur, ruwan sama kuwa ba ya jiran akawu. Ƙafarki ta fi wasiƙata sauri.

Takarda marar suna ki manta da ita. Waɗanda za su daka gumbar nan ba su karatu, kin fi ni sani. Yau ɗin nan, kafin ki ajiye jaridar, ki sami Innarki ki faɗa mata komai, ku je wurin Babanku tare. Kin ce ke ce mai karanta masa jarida. To kada ki tsallake wannan shafi yadda kika tsallake wancan. Ki roƙe shi ya tashi mutum zuwa Kalgo, kada a jira ranar kasuwa, ke ma a tafi da ke da takardar a hannu. Kawunki ya kai maganar ga hakimi a sa mai shela ya zagaya, liman ya faɗa bayan sallar Juma'a, a kuma nemo malamin gona duk inda yake, don shi ya san ƙauyukan da gwangwanayen suka shiga. Sannan ki zauna da Hajjo ki karanta mata layukan nan uku, ki roƙe ta ta sa su a waƙar. Waƙa ta riga ta shiga ɗakunan da mai shela ba ya kaiwa, ba kuwa mai bin ta can ya gyara sai wadda ta yi ta.

Abin da kika yi babba ne, ba zan shafa miki mai ba. Amanar da aka ba ki ta mutanen da ba su iya duba takarda da kansu ce, kika kashe ta a kan fushin minti ɗaya. Duk da haka ban ɗauke ki muguwa ba. Muguwa ba ta bin gidajen Gwandu tana gyara, ba ta kuma rubuto laifinta da hannunta. Malaminku ma yana da nasa kason. Mai aikin wayar da kai ba ya rataya maganar rai a bakin yarinya ɗaya ya tafi. Ya kamata ya saurari waƙar daga farko har ƙarshe kafin ya saki magani, su ma masu buga takardu su daina kai gargaɗi shafin baya. Hajjo kuwa ba ta ƙwace miki komai ba. Wasan taubasai ta yi, hakkinta ne, ta kuma ceci aikinki ranar da mata suka ƙi saurare. Da ba ki karanta ba, ba ta da abin rerawa, kuma badi in waƙa ta fara zubar da baitoci, takardarki za a koma a duba. Ki koyi riƙe gora ki nuna da hannu, ki ɗaga murya, ita kuma ki ja ta ajin karatu a Kalgo.

Batun so, na karanta wasiƙarki sau biyu ban ga inda ya nuna yana son ɗayanku ba. Mutumin nan dawarsa yake so. Malama Ƙarama girmamawa ce, ki riƙe ta a haka, ta ma fi abin da kike nema tsada. Littattafan hikaya ba haram ba ne, ni ma na karanta, sai dai a cikinsu ba wanda ke cin gumba ya kwanta.

Za ki ji kunya, Baba zai yi faɗa, mai yiwuwa littattafan su tafi na ɗan lokaci, Hajjo ta yi fushi ko ta yi miki habaici. Duk wannan yana wucewa kafin kaka. Yaro ɗaya in ya ci jan irin nan, ba ya wucewa har ƙarshen ranki.

Masu karatu, duk wanda wannan shafi ya iske, ya karanta wa na kusa da shi: irin da aka sa wa magani ba a ci, ba a ba dabba, ragowarsa binnewa ake yi.

Tashi ki sami Innarki, ɗiyata. Allah ya kai ki Kalgo kafin ruwa, ya tsare yaran nan, ya sanyaya miki zuciya, ya ba ku damina mai albarka.

Gwaggonki,
Indo