Na Warke, Na Tarar da Lasifika

Sandamu, daren Alhamis, da damina

Yau likita a Daura ya saurari ƙirjina, ya ce kumburin ya sauka, tarin ya tafi, in koma ladancina. Da murnata na dawo.

Ashe ina kwance wani Alhaji ya ɗaura wa masallacinmu lasifika. Da magariba na cika ƙirji zan ɗaga murya, Liman ya dafa ni, ya ce, "Malam Sani, a hankali, ƙarfen zai yi maka."

Na yi a hankali, aka ji har bayan gari. Ina shiga gida mai ɗakina ta ce, "Malam, yau wa ya kira salla?"

To duk alluran nan da na sha, don wa?