Yaron da Aka Hana Ruwa

Zango.

Zuwa ga 'yata Zubaida,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina gaida maigidanki Hafizu. An ce cikinki ya shiga wata takwas, amma shiru ba ki zo goyon ciki ba. Ni da na goya ki, na karɓi haihuwar rabin garin nan, yau hannuna ne bai yi miki ba? Daura ai ba Makka ba ce. Raina ya ɓaci, gara ki sani. Allah ya raba lafiya.

Gwaggonki Kande.

Daura.

Gwaggo,

Ina gaishe ki da girmamawa. Da ajami na rubuto don kada ki ba wani ya karanta miki. A wurin awo aka gwada jinina, aka sami ƙwayar cutar ƙanjamau. Maigidan ma ya je, yana da ita. Mun yi kukanmu, yanzu kullum muna shan magani.

Malamar asibiti ta ce yaron zai iya tsira. Sai dai in haihu a wurinsu, a riƙa ɗiga masa nasa maganin, kada wanzami ya taɓa shi. Kuma nono zalla har wata shida, ko ɗigon ruwa, don gauraya nono da wani abu na buɗe wa cutar hanya. Gwaggo, a bazara zan haihu. Wa zai hana Hajiya, uwar mijina, ba jikanta ruwa? Ba ta sani ba, kuma ina tsoron bakin mutane. Ki yafe mini.

'Yarki Zubaida.

Zango.

'Yata,

Na amsa gaisuwa. Na karanta, na kasa cin tuwo. Sakarya, wannan ne kika ɓoye mini? Gaskiya ban taɓa ganin jaririn da aka hana ruwa ba, hankalina bai kama ba. Amma in haka suka ce, haka za a yi. Ki bar ni da Hajiya. Zan ce dokata ce, in ga wanda zai koya wa tsohuwar ungozoma jego. Ina nan tafe ranar Laraba, ki share mini ɗaki.

Gwaggonki.

Daura.

Gwaggo,

Ina fatan kin koma gida lafiya, ya aikin gona? Tun tafiyarki Hajiya ba ta sake ɗauko moɗa ba. Sai dai duk wanda ya shigo ta gaya masa zuciyarki dutse ce, kin hana a cire wa jaririna Yazid beli, kin bar shi da ƙishi. Na ji maganar ta kai Zango, har mata biyu sun haihu ba a kira ki ba. Abin yana damuna, ki bari in faɗa musu gaskiya.

Gwajinsa na farko ya fito. Ba shi da cutar. Za a sake bayan yaye.

'Yarki.

Zango.

Zubaida,

Na yi sujada, na daɗe ban ɗago ba. Ki kama bakinki, ki sha maganinki. Matan Zango kuwa su yi ta zagi, na tsufa da jin kunya. Ni dai ya rayu ya zage ni da bakinsa.

Gwaggonki Kande.