Zuwa Uku Na Yi Ofishinka, Duk Aka Ɗauka Gaisuwa Ce

Zuwa ga Mai Girma Daraktan Sashen Shawarwari da Horon Aiki na jami'armu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga uba, da fatan kana lafiya, iyali suna lafiya, aiki kuma Allah ya dafa.

Ni ne Lawal, ɗalibin digiri na biyu a fannin lafiyar dabbobi. Ka san ni tun ina sakandare a Daura, kana koyar da mu kimiyya. Kai ne ka tako har ƙauyenmu a ƙasar Mai'adua ka roƙi mahaifina, Allah ya jiƙansa, kada ya tsayar da ni a kiwo. Ban manta ba, ba kuma zan manta ba. Wannan alherin ne ma ya ɗaure mini baki a gabanka, har na koma ga alƙalami. Na rubuta a fili ne don na gano ba ni kaɗai abin ya ci ba.

Ga yadda aka yi. Bincikena a kan cututtukan shanun da ke shigowa ta kan iyakar Kongolam ne. Na daɗe ina bin makiyaya da dillalai ina lallashi kafin su yarda in ɗibi jinin dabbobinsu, domin makiyayi ba ya barin baƙo ya soka wa saniyarsa allura don kawai ya zo da farar riga. Jinin nan yana ajiye a firjin wani mai kemis, kuma ka san halin wutarmu. Sai ga wani ɗakin gwaje-gwaje ya buɗe gurbin horon aiki, inda ake da na'urorin da sashenmu ba shi da su. Abu ɗaya suka nema: takardar gabatarwa daga ofishinka, da sa hannunka da hatimi.

Zuwan farko na tarar da baƙi cike da ofis. Na tuɓe takalmi a ƙofa, na durƙusa, muka gaisa. Ka tambayi mahaifiyata da ƙannena da damina. Da ka ce, "Lafiya dai ko, Lawal?" sai na ce lafiya lau, gaisuwa ce. Fom ɗin neman gurbin kuwa yana ninke a aljihuna. Na dai ɗan ambata cewa na ji ana ɗaukar ɗalibai a wurin gwaje-gwajen nan. Ka ce madalla, wuri ne mai kyau. Na fita ina murna, a zatona magana ta ƙare, domin haka aka rene mu: ƙarami ba ya buɗe baki ya roƙi babba a gaban mutane, yana jefa maganar ne a gefe, babba ya tsince ta.

Na jira kira, shiru. Zuwa na biyu har na sa hannu a aljihu aka kira sallar azahar, muka tashi tare, bayan sallama kuma ka wuce taro. Zuwa na uku ka rako ni har baranda ka ba ni saƙon gaisuwa ga mahaifiyata. Na hau mota zuwa Mai'adua da fom ɗina, ya yi laushi saboda gumi.

Wadda ta farkar da ni 'yar ajinmu ce, Ngozi, haifaffiyar Daura, mahaifinta yana sayar da kayan gyaran babur. Ita a tsaye ta shiga ta faɗi abin da ya kawo ta, kafin shayinka ya huce ta fito da takardarta. Da na ba ta labarina sai ta riƙe baki ta ce, "Malam Lawal, kai ofis ka je ko zance? Wallahi ko ni ce darakta, gaisuwa zan amsa in sallame ka." Na yi dariya, amma na gane gaskiya ta faɗa. Washegari na zo na faɗa maka ɓaro-ɓaro. Ka duba takardar, ka ce an rufe tun makon jiya. Sannan ka dube ni ka ce, "Kai kuwa me ya hana ka faɗa?" Na ga ranka ya ɓaci ƙwarai.

Ranka ya daɗe, na ɗauki rabona na laifi. Mutum mai gemu da 'ya'ya biyu bai kamata ya yi zuwa uku da buƙata a aljihu ba. Amma ofishinka ma yana da nasa rabon, kuma shi ne zan jera.

Na ɗaya, babu wata hanyar da ɗalibi zai bi ya nemi abu a sashen nan sai ta zama a gabanka. Babu fom a teburin sakatare, babu rajistar da mutum zai rubuta sunansa da abin da ya kawo shi, babu wanda zai tare ka a ƙofa ya ce me kake buƙata. Da akwai layi ɗaya a takarda da aka rubuta "dalilin zuwa", wallahi da na cike shi tun ranar farko. Takarda ba a jin nauyinta. Yawancinmu 'ya'yan manoma da makiyaya ne daga Sandamu da Zango da Baure, tarbiyyarmu ɗaya. Ofishin da aka kafa a tsakiyarmu ya kamata ya san wannan hali namu, ya yi masa tanadi.

Na biyu, sanarwar guraben horo da na aiki a allon bango kawai ake liƙa ta. Mu 'yan digiri na biyu galibi ma'aikata ne, ni kaina ina koyarwa, ƙarshen mako muke shigowa, lokacin ofis a rufe yake. Sau da yawa sai takarda ta koɗe a rana muke ganinta.

Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai. Ɗakin da aka rubuta wa "Shawara" a ƙofa, a cikinsa masu buga takardu suke zaune. Wa zai buɗe cikinsa a nan? Abokina Malam Sani, da matarsa ta kwanta dogon ciwo, karatu ya gagare shi, barci ya gagare shi. Ya gaya mini ya je ƙofar ɗakin nan, ya ga mutane, ya gaishe su ya juya. Daga baya ya daina zuwa aji gaba ɗaya. Har yau babu wanda ya kira shi daga jami'a ya ce ina ka shiga. Shi ma an ɗauka gaisuwa ya zo yi.

Don haka nake roƙo a ajiye fom da rajista a ƙofa, ta yadda buƙata za ta iso teburinka ko mai ita bai furta ba. A ba mataimakinka ikon sa hannu idan kana taro. A riƙa turo sanarwa ta waya, a kuma buɗe ofis ko da rabin yini ne ranar Asabar. A keɓe wa mai ba da shawara ɗaki mai ƙofa da ake rufewa, a samar da mace saboda 'yan uwanmu mata. Kuma don Allah a nemi Malam Sani.

Ni kuwa, duk ranar kasuwar Mai'adua sai wani dattijon makiyayi, Ardo Bello, ya tare ni ya ce, "Malam, me jinin ya ce?" Nakan ce masa ana kan aiki, kuma kunyar wannan amsar ta fi wadda na ji a ofishinka. Mai kemis ya ce ba zai iya lamunce wa jinin ya wuce ƙarshen damina ba. An ce ɗakin gwaje-gwajen yakan karɓi ɗalibi a tsakiyar zango idan darakta da kansa ya rubuta ya nema.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya saka maka da alheri kan abin da ka yi mini ina yaro, ya sa ka gama da wannan kujera lafiya. Idan na yi tsaurin ido, a yafe mini.

Ranar Litinin zan zo, in sha Allah. Zan tuɓe takalmi, zan durƙusa kamar kullum. Amma Baba, na faɗa tun yanzu a gaban kowa, don kada bakina ya sake cin amanata: ba gaisuwa ce za ta kawo ni ba. Takarda nake so.

Wassalam.

Ɗanka kuma ɗalibinka,
Lawal, daga ƙasar Mai'adua.