Ɗaki a Gidan Hajiya Rabi

Laraba, bayan isha'i, Makoɗa

Alhamdu lillahi. Yau na shiga Kano da niyyar ajiye karatun digiri na biyu da nake yi kan magungunan gargajiya. Kuɗin makaranta ya ƙaru, kuɗin mota ya fi ƙarfina, gyaɗar bana kuma ba ta yi albarka ba.

Ajinmu yawanci mata ne ma'aikatan jinya, wasu har sun yi jika. Ni kaɗai ke zuwa daga ƙauye. Da na faɗa musu, Hajiya Rabi, babbarmu, ta cire tabarau ta ce, "Ke Binta, wa zai riƙa nuna mana sabara da marke? Mu a littafi muka san su. Ɗakin 'yata da ta yi aure yana nan, ki taho ki zauna." Na yi ta yi mata godiya.

Da na dawo gida na gaya wa Inna, ina fargabar barinta ita kaɗai da masu zuwa karɓar magani. Ta ce, "Shekara arba'in ina ba mutane sassaƙe, ban san awonsa ba. Je ki koyo mana."

Har ta ƙulla wa Hajiya daddawa. Asabar zan tafi, in sha Allahu.