'Yan Biyun Mai Bishara

Bakin ruwa, arewa da Mananjary
Watan Maris

Zuwa ga yayata Ravola,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fatan kina lafiya, ke da yara, da ƙafar nan taki mai ciwo in sanyin Ambositra ya sauko. Ya shinkafar bana? Ki gaida mijinki Rabemila, kice mishi har daga nan ina jiyo shi yana ɓata waƙa a majami'a. In kinga rubutun ya karkace ki karanta a hakan, kinsan ni bakina ne yayi makaranta, hannun bai je ba.

Yaya, ƙaninki ya zama babban mutum. Shekara huɗu baya da aka turo ni nan, mu uku ne a sujada, ni da wata tsohuwa kurma da agwagwarta. Agwagwar ma bata tsaya addu'ar rufewa ba. To Lahadin da ta wuce sittin da uku na ƙirga, banda na goye. Rumfar ganyen ta mana kaɗan har mun cire bango ɗaya. Masunta suna ajiye taru su zo jina, wai in ina bada labarin Yunana a cikin kifi har ƙarnin suke ji. Dattijo Botomazava, ƙanin sarkin ƙauyen, wanda da yake cewa ni aku ne aka sa wa wando, yanzu shi ke riƙe mun fitila da kwanon baiko. Fasto zai zo daga gari a bikin Fentikos yayi wa mutum sha tara baftisma. Sha tara, Yaya. Ki faɗa wa waɗanda suka ce bazan yi wata uku ba.

Matata Baozafy tana gaishe ki. Cikinta ya girma kamar ta haɗiyi kwalekwale. Shekaranjiya na same ta a tsakar gidan uwarta, mata na surfen shinkafa, nace wannan ciki ai mutum biyu ne, ɗaya ya buga mun ganga ɗaya ya riƙe littafin waƙa. Sai naji taɓare sun tsaya cak. Surukata Inna Kalomanana tace, "Ɗan tudu, bakinka ya fi kanka sauri. Tofar da yawu." Nace Inna wasa nake. Tace, "A garinku ake wasa da wannan." Na tofar dan a zauna lafiya.

Kinsan mutanen nan 'yan biyu fady ne a wurinsu, wato haram, kakanninsu sun hana a rene su. Amma zancen da ne. Wanda ya sha wa'azina shekara huɗu ai ya wuce nan.

Ki aiko mun da bargo ƙarami in kin samu mai zuwa. Allah ya kiyaye ki.

Ƙaninki, zakaran bakin ruwa,
Ralaivao

Watan Afirilu

Yaya Ravola,

Ina gaishe ki da mutanen gida duka, ina fatan kowa lafiya. Bargon ya iso, na gode. Sai dai guda ɗaya kika aiko.

Baozafy ta sauka ran Talata da hantsi. Mata biyu. Ni dama bana abu ɗaya ɗaya, kin sani. Ta farko ta fito da kuka kamar ubanta a kan mumbari. Ungozoma tana ta guɗa, sai taga akwai saura. Ta miƙe ta fita, ko hannu bata wanke ba. Matar nan, Yaya, ita ke jan waƙa a ƙungiyar mata. Ni na yanke cibiyar ta biyun da wuƙar gyaran kifi, na ɗaure da zaren taru. Na sa musu Marta da Maria. Maria ce ƙaramar, tafin hannuna biyu sun ɗauke ta.

Da yamma Inna Kalomanana tazo da kwando, ta shimfiɗa tsumma mai kyau a ciki. Bata shigo ba, daga bakin ƙofa ta tsaya. Tace akwai gidan reno a gari da ke karɓar irin su, ba kamar zamanin da ba, ba wanda yace a cuce su. Nace Inna jikokinki ne fa, ki leƙa ki gani, babbar hancinki ta ɗauko. Tace, "Bani da jika a ɗakin nan. 'Yata nake da ita, ita nazo fitarwa." Nace kwandon yayi kyau, ki bar mun in zuba rogo. Bata yi dariya ba. Baozafy ma bata yi ba, ta juya fuska bango.

Ran Lahadi na shirya wa'azin da ban taɓa irin shi ba. Na kawo Yakubu da Isuwa, na kawo Toma da yaci abinci kwano ɗaya da Ubangiji alhali ɗan tagwaye ne. Mutum tara ne suka ji, huɗu a ciki baƙi ne masu saro kanumfari da ruwa ya tare su.

Bayan an tashi Botomazava ya tsaya nesa dani kamar taku biyar, hularshi a hannu. Yace, "Malam, Yesu mun karɓe shi, bamu mayar ba. Amma kakanninmu suna nan inda suke, basu tafi ko ina ba. Kai baƙo ne, in abu ya sauko a kanmu zai sauka." Nace to ni me na koya muku shekara huɗu? Yace, "Waƙoƙi masu daɗi, Malam."

An ce mu tashi daga cikin ƙauyen. Mun koma wata bukka a bayan gonar rogo, wajen da fadama ta fara. Sauro a nan sun fi mutanen majami'ata yawa, kuma basa fashin sujada.

Zasu dawo. Ni ne fa. Ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Ralaivao

Watan Mayu

Yayata,

Na samu takardarki, na gode da gaisuwa, ina fatan ƙafar da sauƙi. Kince mu tattaro mu huɗu mu taho gida. Na karanta wa Baozafy sau biyu. 

Bari in gaya miki gaskiya tunda ba kowa a wurin. Abubuwa basa tafiya. Ba mai shigo mana. Mai kifi tana ajiye kifi a kan kututture ta ja baya, kamar muna da kuturta. Nonon Baozafy ya ƙafe dan bata cin abinci, ruwan ƙanzo kawai take sha. Madarar gwangwani nake dama musu. Marta tana sha a cokali, acici ce. Maria bata yarda da cokali, bata yarda da bulumboti. Sai na tsoma ƙaramin yatsana a madarar in sa mata a baki, ɗigo ɗigo, ina mata gunjin waƙa a ƙirji. Rabin yini nake kashewa a haka. Mai bishara na farko a ƙasar nan da ya koma uwa, ki rubuta wannan a tarihi.

Fasto yazo a Fentikos. Ba wanda ya fito baftisma. Mutumin kirki ne, ya shigo bukkar, ya ɗauki yaran, yayi musu addu'a. Sai muka fita yace, "Laivao, ba cewa nayi ka yar dasu ba. Ka kaisu gidan reno na shekara ɗaya biyu, zukata su kwanta. Ƙofar da ka buɗe a nan in ta rufe, ba a zamaninmu zata sake buɗewa ba." Nace Baba Fasto in na kaisu, me zan hau mumbari in ce? Yace in yi addu'a a kai. Ina yi. Ba amsa.

Abinda ya fi muni, sati biyu da suka wuce kwalekwalen Zafilahy ƙanin Baozafy ya kife a bakin teku inda ruwa biyu ke haɗuwa. Kwana uku aka samo shi. Wurin nan duk shekara yana cin mutum, kowa ya sani, amma bana an san dalili, dalilin yana kwance a bukkata cikin bargonki. Baozafy ta tafi kuka, maza suka tare ta a hanya. Daga kan tudun rogo ta kalli yadda aka wuce dashi kushewar danginsu.

Da ta dawo na soma yi mata surutuna, ko zata ɗan saki. Tace, "Baban yara, kai in ka mutu akwai ramin da ke jiranka a Ambositra, kusa da babanka. Ni wa zai karɓe ni?" Nace Yesu zai karɓe ki. Tace, "Na sani. Gawar fa?"

 Na tashi na hura wutar da take ci dama.

Tana son yaran, kada kiyi mata wani zato. Ina ganinta tana shinshina kansu in tana tsammani bana kallo. Amma bazata bar ƙasar nan ba, kuma ƙasar nan bazata bar ta dasu ba. Bansan ta ina zan kama ba.

Ki gaida kowa. Kada ki gaya wa Rabemila zancen mutum tara.

Ralaivao

Mananjary, tashar mota
Watan Yuni

Yaya,

Ina gaishe ki. Ina fatan kuna lafiya. Direban da zai baki wannan zai riga ni isowa da kwana biyu, dan sai motar Juma'a na samu wuri.

Ran Juma'ar da ta wuce madara ta ƙare, na tafi ƙauyen gaba nema, ruwa ya hana ni dawowa sai Asabar da rana. Na tarar an share bukkar. Ba bargo, ba yara. Baozafy tana gidan uwarta, an mata wanka an mata kitso, mata sun kewaye ta suna bata romo. Inna Kalomanana tace ta ba wani mai gawayi kwandon tun da safe, amintacce ne, zai kaisu gidan reno da hannunshi. Na kalli Baozafy, ita kuma ƙafarta take kallo.

Na ruga bakin ruwa. Akwai kwalekwale mai tashi zuwa gari a lokacin, mai tuƙin har ya matsa mun buhu yace Malam shigo. Ƙafata ɗaya na ciki sai ga Botomazava. Ya kama hannuna, Yaya, hannun da yayi wata biyu bai taɓa ba. Yace, "Malam gobe kowa zai zo sujada. Har yayana sarki yace a ajiye mishi kujera." Shekara huɗu nake bin sarkin nan da gaisuwa bai taɓa tako rumfar ba.

Nace a raina yaran suna hannun masu reno, sun fini sanin aikin. Nace kwana ɗaya ne. Nace gobe zan tsaya gaban sarki in gaya musu gaskiya a fuska, in kunyata su. Na cire ƙafata daga kwalekwalen.

Ran Lahadi har a kan itace mutane suka zauna. Na hau, naga fuskoki, naji sun ɗauki waƙar da na koya musu, murya huɗu, ba kuskure. Gaskiyar da na shirya bata fito ba. Labarin Yunana na basu. Sukayi dariya har sarki yana share hawaye. Kuma naji daɗi, Yaya. Wannan ne abinda nake so ki sani tun kafin ki ganni. Naji daɗi.

Litinin da yamma na iso gidan renon. Matar da ke kula dasu ta fito da Marta, tayi ɓul ɓul, ta sha ta ƙoshi. Nace ina ƙaramar. Tace sun gwada bulumboti, sun gwada cokali, sun kira mai shayarwa, duk taƙi. Tace jaririyar sai juya kai take tana neman wani abu da baki, basu gane ko menene ba. Ran Lahadi kafin azahar ta cika. Sun binne ta a bayan gidan, gindin wani icen mangwaro. Matar tana ta bani haƙuri wai sunyi iyakar ƙoƙarinsu. Nace na sani. Ban gaya mata zancen yatsa ba, kada ita ma ta ɗauki kayan da ba nata ba.

Na aika wa Baozafy da mai gawayin nan cewa saura ɗaya, ko zata zo mu tafi. Amsar ta dawo jiya. Tace ɗayan biyu ma biyu ce a wurinsu, in na dawo ni kaɗai tana nan, in na tafi da yarinyar in riƙa shafa mata man kwakwa a bayan kunne dan wurin yana tsagewa. Fasto ma ya aiko, wai baftisma ta koma mutum talatin, in koma in shirya su. Na mayar mishi da littafin sunayen masu baftisma. Ya nemo wani mai labarin Yunana, ba wuya.

Ki nemo mun mace mai shayarwa a unguwa, ko akuya. Ki gyara ɗakin baya. Bani da aiki, bani da mata, bansan me zan ce wa Allah ba in na durƙusa, shi yasa kwana biyu ban durƙusa ba.

Abu ɗaya nake roƙonki. In mutane suka zo ganin jaririya, kada kice musu 'yar Laivao ce kawai. Kice musu 'yan biyu ne. In suka tambayi ɗayar, ki turo su wurina, ni zan faɗa da bakina.

Sai mun iso, in Ubangiji ya yarda.

Ƙaninki,
Baban Marta da Maria